Ni da Ciwon Jijiyar Ƙafa

Atishawa ce ta kayar da ni. In na faɗi haka abokan kasuwa sai su fashe da dariya, amma wallahi haka aka yi. Wajen watan Maris na 2019, lokacin da albasar Galmi ta cika kasuwar Agbogbloshi a Ankara, ana sauke mana mota sai buhu ɗaya ya goce daga kan tari yana neman danne ƙafar wani yaro ɗan dako. Na zabura na tare shi, na ja shi gefe ni kaɗai, a sunkuye, ina murɗa ƙugu. Wanda ya san buhun Galmi ya san ya haura kilo 100. Na ji wani abu ya tsira mini a baya, na miƙe na karkaɗe riga, na ci gaba da ciniki kamar ba a yi ba. Bayan kwana biyu ina alwalar asuba, na sunkuya zan wanke ƙafa, atishawa ta zo. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Buta can, ni can.

Wanda bai taɓa yin ciwon nan ba, da wuya ya gane shi. Yana tasowa daga mazaunin hagu, ya bi bayan cinya, ya gangara sha-raɓa, ya bi gefen ƙafa har ƙaramin yatsa, kamar an zura wayar lantarki an kunna. Wani lokaci zafi ne kamar garwashi, wani lokaci sai ka ji kamar tururuwa na yawo a cikin nama. Bayan da ya jawo abin kuwa, ciwonsa bai kai rabin na ƙafar ba. Tari ya zama abin tsoro, dariya ma haka. Zama ya fi komai azaba, ni kuwa sana'ata rabinta zama ne: a kan benci a rumfa, ko a gaban babbar mota kwana da kwanaki.

Mu 'yan kasuwa muna da wani hali. Mun saba duk abin da muke so akwai mai sayar da shi, sai dai a yi ciniki. To haka na ɗauki lafiya. Na shiga neman wanda ke da ita in biya in karɓa. Kowa kuma da sunan da ya ba ciwon: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce amosani, wani aminina ya ja ni gefe ya ce in bincika, kasuwa ba a rasa mai baƙin ciki, ƙila jifa ne. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙugu, na ji sakayau na kwana ɗaya ko biyu, sannan abin ya dawo. Maɗori ya matsa, ya ja ƙafar, na yi ihun da har yanzu nake jin kunyarsa. Man zafi kuwa na shafa har maiɗakina ta ce zannuwan gado sun daina wankuwa. Na sha wani jiƙo na kwalba da ake tallarsa a tasha, wanda aka ce yana maganin cuta goma sha wani abu.

Daga nan na koma kantin magani. Aka ba ni diclofenac, ina sha safe da yamma, sau da yawa ban ci komai ba sai goro. Ya rage zafin, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin wata ya cika, cikina ya fara ƙuna kamar na haɗiyi barkono. Sai wani direba ya miƙo mini tiramol. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyin rubutawa. Na sha na kusan mako uku. Ranar da na farga ita ce ranar da na ga ina lalube aljihu ina neman sa alhali ƙafar ba ta ciwo sosai a lokacin. Na tuna yaran da nake yi wa faɗa a kasuwa a kan wannan ƙwaya, ni da furfurata. Na zubar da sauran a masai. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Bayan haka na ce to, hutu ne magani. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa na kwanta, ba na tashi sai lalura. Albasa kuwa ba ta san mai ita na jinya ba. Buhu wajen 40 suka lalace a rumfa, ga kuɗin mutanen gida a kaina, manoman da suka ba ni kaya a kan amana. Waya na ƙara ina kallon ta. Jiki kuma, maimakon ya saki, sai ya ƙara sandarewa. Ranar da na cika mako uku a kwance maiɗakina ta ajiye mini koko ta tsaya a kaina ta ce, "Alhaji, kwanciyar nan ba ta ƙare ka da komai ba. In ba ka je asibiti don kanka ba, ka je don yaran nan." Ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba.

Babban ɗana ne ya kai ni, shi ne kuma tafinta, don Turancina na ciniki ne. Likitan ya sa na kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe a hankali. Ko rabi bai kai ba wayar nan ta kama wuta har yatsa. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na yi a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwa da bayan idon sawu. Sannan ya yi wata tambaya, na ga yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, wai yana tambaya..." sai ya yi shiru. Na gane. Na ce ya jira ni a waje. Aka kira wata ma'aikaciyar jinya 'yar Nima mai jin Hausa, ita ta fassara: ko fitsari na riƙe mini ko yana zuba ban sani ba? Bayan gida fa? Ko tsakanin cinyoyi da wajen al'aura ya mutu, ba na jin taɓi? Ko ƙafafun biyu ne suka yi rauni? Na ce a'a, alhamdu lillahi.

Na tsaya a kan wannan ne don kunya ta kusa hana ni amsawa, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Likitan ya ce duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ko ya ga ƙafarsa tana jan ƙasa ba ya iya ɗaga ta, to a ranar zai je asibiti, ko da tsakar dare ne, don jijiyoyin da aka danne suna iya mutuwa su bar mutum da lalurar har abada. 'Yan uwa, in kun manta duk sauran abin da na rubuta, ku riƙe wannan.

Sunan ciwon a bakin likitocin Gana sayatika, a Nijar na ji suna cewa siyatik, malamai kuma suna kiran sa irƙunnasa. Ga yadda aka bayyana mini. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, biyar daga ciki suna wajen ƙugu, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar uwarta akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da kaya. In aka matsa masa da nauyi, musamman a sunkuye ana murɗawa, sai ya bultso ta gefe ya taɓa saiwar jijiya. Wannan jijiya ita ce mafi tsawo da kauri a jikin ɗan Adam, daga ƙugu take tafiya har tafin ƙafa. Shi ya sa ɓarnar tana baya, kukan yana ƙafa. Ni kuwa wata biyu ina shafa wa sha-raɓa mai.

Na ce a yi mini hoto, don a ganina in ba a yi hoto ba ba a yi aiki ba. Ya ce hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifan, babban hoton MRI kuma ba a gaggawarsa sai in akwai waɗancan alamomi, ko ciwon ya ƙi sauƙi har ana tunanin tiyata. Ya ce yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni zuwa 'yan watanni ba tare da wuƙa ba. Ya hana ni diclofenac saboda cikina da hawan jinin da ya gano ina da shi, ya ce irin waɗannan magunguna suna taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Ya kuma gargaɗe ni da yin allura a mazauni wurin wanda bai ƙware ba, don jijiyar ta nan ta bi. Sai ya tura ni wurin masu gashin ƙashi.

Gaskiya na raina wurin da farko. Na zo da kuɗi a aljihu, ga wata yarinya sa'ar 'yata tana cewa, "Baba, kwanta rub da ciki, ka dogara a kan gwiwar hannu." Na ce a raina wannan wasan yara ne. Amma ta ba ni wata ƙa'ida da har gobe nake aiki da ita: in na yi motsi ciwon ya janye daga ƙafa ya koma wajen ƙugu, alama ce mai kyau ko da ƙugun ya ɗan ƙara ciwo, in kuwa ya ƙara gangarawa ƙasa, in daina. Ta ce abin da ya yi wa wani daidai yana iya tayar wa wani, don haka kada in koya wa kowa nawa a matsayin magani. Shi ya sa ba zan zayyana su a nan ba.

Abin da ya fi yi mini amfani, tafiya ce. Na fara da zagaya tsakar gida, sannan zuwa masallacin unguwa, sannan daga Sabon Zango zuwa kasuwa da ƙafa. Da dare ina kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Tawul da ruwan ɗumi a ƙugu kafin barci. Na cire damin kuɗi da rasit daga aljihun baya, wanda na shekara ashirin ina zama a kansa a karkace. Bencin rumfa na sa kafinta ya yi masa majingina. Buhu kuwa na bar wa 'yan dako da aboboya. In ya zama dole in ɗaga ƙaramin abu, sai in durƙusa da gwiwa, in rungume shi kusa da jiki, in juya da ƙafafu gaba ɗaya.

Salla ce ta fi taɓa mini zuciya. Ruku'u ya gagara, zaman tahiya ya gagara. Na yi makonni ina salla a ɗaki don kada a gan ni a kan kujera, ni da nake sahun gaba. Liman ya zo duba ni, na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, addini ya yi maka sauƙi, kai ne kake tsananta wa kanka. Wanda ya kasa tsayuwa ya zauna." Washegari ɗana ya ɗauki farar kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu. Na zauna ina jin kamar duk masallacin ni yake kallo. Babu wanda ya kalle ni. Bayan sallama mutum biyu suka biyo ni waje, kowanne yana tambaya a hankali, wai ƙafar ce? Ashe su ma suna fama, suna ɓoyewa.

Wajen wata huɗu na koma kamar kowa, har na fara sakaci. Sai 2021 aka mayar da kasuwar albasa Ajen Kotoku, can bayan gari. Tafiyar ƙafar da nake yi kullum ta ƙare, ta koma zaman tirotiro na fiye da awa guda, gwiwa a ƙirji, ga gargada. Cikin wata biyu ciwon ya dawo. Wannan karon dai ban je tasha neman kwalba ba, ban kuma shimfiɗa tabarma ba. Na koma motsin da aka koya mini, na riƙa sauka kafin tashar ƙarshe ina ƙarasawa da ƙafa, na riƙa biyan kuɗin kujerar gaba. Ya yi mako shida ya lafa.

Doguwar hanya kuwa, ta Tamale da Bawku zuwa gida, na rage ta ƙwarai. Ƙanena ne ke bin mota yanzu, ni ina karɓar kaya. Ba da son raina ba, don a hanyar nan na girma, kuma ciniki a bakin gona ido da ido ya fi na waya. In tafiyar ta kama dole, ina naɗe rawani in tokare ƙugu da shi, duk shingen da aka tsaya kuma sai na sauka na taka, ko da direba na tsaki. Da can ina ganin tsayawar duwan ɓata lokaci ce. Yanzu har addu'a nake a tsayar da mu.

Gefen ƙafar hagu, wajen ƙaramin yatsa, har yau bai dawo daidai ba. In na taka tabarma ina jin ta kamar ta cikin safa. Likita ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa ya zauna haka. Kujerar roba tana nan a masallaci, na bar ta can. Wani dattijo mai sayar da doya ne ke zama a kanta yanzu, sai ranar da ƙafar ta motsa mini in riga shi zuwa.