Abin da ke cikin tukunyar gidanmu

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, da wuya ka shiga gidan da babu tukunyar sanholo ta zubi, wadda wasu ke kira tukunyar dalma. A cikinta ake tuƙa tuwon da ƴaƴanmu ke ci, amma a shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin uba ko malami ya tambayi abin da aka narkar aka yi ta ba.

Mazuba sun san fistan ɗin mota ya fi gwangwanin lemo daɗin zubi, kuma kimiyya ta ba su gaskiya. A cikin fistan akwai silikon, sinadarin da ke cikin rairayi, kusan kashi 12 cikin 100. Sanholo zalla yana narkewa a zafin digiri 660, amma wannan haɗin yana narkewa a 577, ya kwarara ya cika kowane lungu na ƙasar zubi. Matsalarsa guda ce: idan ya huce, silikon ɗin yana daskarewa kamar tsinken allurai a cikin ƙarfen, ta nan tsaga ke bi. Shi ya sa tukunya kan faɗi sau ɗaya ta dare.

A 1920 wani injiniya a Amurka, Aladar Pacz, ya gano cewa ɗan sodiyam kaɗan, sinadarin da ke cikin gishiri, yana mayar da alluran nan su zama siraran zare, ƙarfen ya ƙara juriya. A yau masana'antu sun fi amfani da sitirontiyam, wajen kashi 0.02 cikin 100. Wato abin da bai cika cokali ba yana gyara buhun ƙarfe.

To, kaɗan ɗin nan yana gyarawa, yana kuma ɓatawa. Cikin tarkacen da ake narkarwa akan samu dalma ta gaske, irin ta batirin mota da likin lagireto. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. Mu kuwa tsamiya da yakuwa da tumatir abincinmu ne na kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantar dalma a jinin yaro illa ce, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ji ana kiran wani ɗalibi daƙiƙi.

Ba ina cewa a yar da tukwane ba, ko a kashe wa mazuba kasuwa. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Abin da nake roƙo mai sauƙi ne. Iyaye, kada a bar miya mai tsami ta kwana a tukunyar zubi, a kuma tambayi mazubi me yake narkarwa. Mazuba, ku ware duk abin da ya fito daga batir da lagireto. Mu malamai, darasin narkewar ƙarfe da muke rubutawa a allo yana nan a bayan kasuwa. Mu kai yara su gani, mu kuma gaya wa mazubin abin da littafi ya ce game da dalma. Rigakafi dai ya fi magani.