Baƙin Allo

Daren Laraba muka sabunta Linux, alhali da safe za mu miƙa aikin wata uku. Kwamfuta ta sake tashi, allo baƙi ƙirin, sai ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa. Mu da ke yi wa mutane wa'azin ajiye kwafi, ba mu ajiye ba.

Hannu na rawa muka danna Ctrl+Alt+F3, wurin rubuta umarni ya buɗe. Fayiloli suna nan. Ashe sabon kanel ne ya sauka, direban katin hoto bai ginu a kansa ba. Muka koma GRUB muka zaɓi tsohon, komai ya dawo.

Har yau in sanarwar sabuntawa ta fito, rufe ta muke yi.