Ciwo Bakwai, Baki Ɗaya

A Kano, idan mutum ya yi maganar da ta kauce hanya, sai ka ji an ce, "Wannan sai Dawanau." Mu da aka haifa a can mun saba da wannan zolaya tun muna firamare. Garinmu, da ke kan titin Katsina a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, da abu biyu aka san shi: kasuwar hatsi da aka kafa a 1985, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kuma asibitin masu taɓin hankali. Da kasuwar muke tinƙaho. Asibitin kuwa ko a bakin ƙofarsa ba ma son a gan mu. Shi ya sa da Goggo, ƙanwar mahaifina, ta shiga wani hali shekara biyu da suka wuce, babu wanda ya iya buɗa baki ya ambaci asibitin, alhali da ƙafa ma ana iya zuwa.

Ba ta kwanta ba. Kullum da safe tana fita sito, inda ita da wasu mata suke tsince riɗi kafin a ɗura a buhu. Sai dai ta rame, idanunta sun faɗa, fara'ar da aka san ta da ita ta ɗauke. Ranar da na zo daga birni na zauna da ita a tsakar gida, na tambaye ta abin da ke damunta, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Ɗan nan, wanne zan faɗa maka, wanne zan bari? Barci ya yi mini ƙaura. Kaina kamar ana sarawa da gatari. Gabana faɗuwa yake ba dalili. Cikina kamar an zuba garwashi. Ga yaron nan da nake gani duk sanda na rufe ido. Ga kuɗin adashin mutane a wuyana. Ga kuma abin da ka sani a gidan nan."

Yaron shi ne autanta, wanda ya rasu sanadin hatsarin babur wata takwas kafin nan. Kuɗin adashin kuwa da su aka yi jinyarsa har rai ya yi halinsa. Abin da na sani a gidan shi ne mijinta ya ƙara aure wata huɗu bayan rasuwar. Na ƙirga a zuci, bakwai cif.

Kafin zuwana an riga an bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta mai kemis, wanda ya ɗauki kowane kuka ya ba shi ƙwayarsa: ta kai, ta ciki, ta barci, ta ƙarin jini. Leda ta cika, Goggo ba ta ji sauƙi ba. Ta biyu ita ce ta wani mai magani da wata maƙwabciya ta kai ta wurinsa. Shi ya saurare ta har ta kai aya, abin da mai kemis bai yi ba, sannan ya ce da ita, "Hajiya, duk waɗannan abu ɗaya ne. Hannu aka sa miki, kuma mai hannun ba ta nesa." Bai kama suna ba, ba ya ma bukatar kamawa. Daga ranar Goggo ta daina cin girkin amarya, 'ya'yanta mata suka daina gaishe ta, gida ya rabu biyu. Ciwo bakwai ya zama takwas.

Ana cikin haka wani abokina da muka yi jami'a tare ya turo mini bidiyon wani Bature mai aikin hifnosis, ya ce ko zan nemi irinsa a Abuja ko Legas. Baturen yana cika baki cewa komai yawan matsalolin da mutum ya zo da su, saiwarsu ɗaya ce, tana binne a ƙuruciya, kuma a zama guda zai mayar da mutum can ya tumɓuke ta. Ina kallo sai na ji kamar na san muryar. Maganar mai maganin nan ce, an sa mata kwat da laktaya. Wannan kamannin ne ya sa na zauna na karanci sana'ar.

Hifnosis ba tsafi ba ne, ba kuma barci ba ne, ko da yake daga kalmar barci ta Girkanci aka samo sunan. Hali ne da ake taimaka wa mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, jikinsa ya saki, har abin da ake faɗa masa ya riƙa shigarsa fiye da yadda ya saba. Wanda ya fara yin suna da irin wannan a Turai shi ne Franz Mesmer, likita Bajamushe, wanda ya yi da'awar cewa wani ƙarfi mai kama da na mayen ƙarfe ne ke gudana daga jikinsa zuwa na majinyaci. A 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamitin bincike, har da Benjamin Franklin a ciki. Suka ce babu wani ƙarfi, abin da mutum ya ƙudurta a ransa ne ke aiki. James Braid, likitan tiyata a Manchester, shi ya ɗora abin bisa bayanin ilimi a littafinsa na 1843. A 1955 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince a yi amfani da shi a jinya, kuma a 1984 Peter Whorwell da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Lancet da ya nuna yana sassauta wani ciwon hanji mai naci, mai kawo murɗa da kumburi. Ke nan yana da gurbinsa, musamman wajen rage raɗaɗi da fargaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne farautar saiwa. Mutumin da jikinsa ya saki, hankalinsa ya miƙa wuya, idan aka ce masa lallai akwai wani abu da ya faru da shi a baya, zai iya "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu. Tun 1985 kwamitin kimiyya na Ƙungiyar Likitocin Amurka ya yi gargaɗin cewa abin da aka tuna ta hanyar hifnosis bai fi tunawar yau da kullum inganci ba. A 1995 Elizabeth Loftus ta nuna cewa ko ba hifnosis, ta hanyar maimaita wa mutane labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a kanti suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fara tuna ɓatan. A waɗannan shekarun gidaje da dama sun tarwatse a Amurka, 'ya'ya suna tuhumar iyaye da laifin da a ɗakin jinya aka haife shi, har aka yi ta shari'a. A can uba ake nunawa, a nan kishiya. Dalilin da abin ke karɓuwa guda ne: wanda ke ɗauke da kaya bakwai, idan aka ce masa ɗaya ne, sai ya ji sanyi, domin ɗaya yana da fuska, ana iya nuna shi da yatsa.

To, idan ƙwaya bakwai ba ta yi ba, saiwa ɗaya ma ba ta yi ba, ina mafita? Na gan ta da idona ranar da na lallaɓa Goggo muka je wani asibiti a cikin birni, bisa sharaɗin ba za a gaya wa kowa ba. Bayan likita ya duba ta, aka haɗa mu da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, mace mai kimanin shekara hamsin. Abu huɗu ta yi, kuma daga baya na gane su ne ginshiƙan aikin, ko da hifnosis ake yi ko da hira kawai.

Da farko ta bar Goggo ta zazzage kayanta kaf, tana rubutawa da kalmomin Goggo, ba ta fassara "gabana faɗuwa yake" zuwa wani suna na littafi ba. Da ta gama sai ta karanta mata jerin, ta ce, "Mama, akwai wanda na tsallake?" Goggo ta daɗe tana kallon takardar. Ina jin ranar ta fara ganin cewa abin yana da iyaka, yana ƙirguwa.

Na biyu, ta ware abin da ba ya jira. Ta tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi, ko ta taɓa jin gara ta bar duniya, ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji. Waɗannan tambayoyi ba na ƙawa ba ne: mai tunanin halaka kansa kulawar gaggawa yake bukata, mai jin muryoyi kuwa hukumar lafiya ta Ingila ta ce kada a yi masa hifnosis, domin yana iya dagula masa ciwon. Haka nan faɗuwar gaba da rama da rashin barci suna iya zuwa daga ciwon maƙoƙo ko ƙarancin jini, abin da hira ba ta warkarwa. Awon da likita ya yi ya nuna jinin Goggo ya hau, kuma ƙwayar ciwon kai da take sha ba ƙaƙƙautawa tana cikin masu ƙona ciki. Biyu daga cikin bakwai sun koma hannun likita.

Na uku, ta mayar wa Goggo zaɓi. "Cikin waɗanda suka rage, wanne ne idan ya sassauta a makon nan za ki fi jin daɗi?" Ni a raina na ɗauka za ta ce rasuwar yaron, ko amarya. Sai ta ce, "Barci." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka bi diddigi, ashe tun rasuwar Goggo ta koma cin goro har bayan isha, ga shayi mai kauri, duka biyun kuwa suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci. Aka yi yarjejeniya: ba goro bayan la'asar. Sannan matar ta koya mata yadda za ta riƙa jan numfashi a hankali, tana sakin gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya daga yatsun ƙafa zuwa wuya, tana sauraron murya mai taushi. Wannan ɗan'uwan hifnosis ne na kusa, amma ba a tura ta tono komai ba. Goggo ta tambaya ko za ta iya haɗawa da tasbihinta. Aka ce mata hakan ma ya fi.

Na huɗu, sauran ba a watsar da su ba. An bar su a takarda, kowane zama a duba wanne ya motsa. Taura biyu ba ta taunuwa, amma wadda aka ajiye ba a jefar da ita ba.

Wannan tsari ba basirar mace ɗaya ba ce. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare, su saurari masu fama da abin da Shonawa ke kira yawan tunani: a jera matsaloli, mai su ya zaɓi ɗaya, a nemi matakin da zai iya ɗauka kafin zama na gaba. Binciken da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan kashi 50 ne. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin na zama biyar, bisa wannan tubali. Hikimar ita ce matsalolin a sarƙe suke, ba a jere ba: rashin barci na ƙara ciwon kai, ciwon kai na rage aiki, ƙarancin aiki na ƙara nauyin bashi, bashi na hana barci. Zobe ba shi da saiwa. Duk inda aka samu ya fi taushi, nan ake yankawa.

Ba zan ce Goggo ta warke ba. Bayan mako uku ta fara samun barcin awa biyar. A zama na huɗu ita da kanta ta ɗauko maganar adashi, aka tsara yadda za ta tunkari matan ta nemi su karɓa kaɗan-kaɗan; suka karɓa, har ɗaya ta yafe nata. Maganar yaron sai a wata na uku ta iya buɗe ta, kuma har gobe idan babur ya wuce da gudu takan yi shiru. Wannan ba ciwon da ake cirewa ba ne, ɗa ne.

Maganar amarya kuwa ba a taɓa zaɓar ta ba, tana nan a ƙasan takarda. Sai dai da na je gida da Sallar da ta wuce, na tarar da Goggo a bakin murhu tana yi wa yarinyar faɗa cewa ta cika kanwa a miyar kuka. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta miƙa kwanonta aka zuba mata.