Daga Afaka Zuwa Masana'antun Kano

Da sassafe na bar Kaduna ta wajen Afaka, mazaunin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1964. Tana yaye injiniyoyi, tana kuma da sashen harsuna. Abin da ya ɗaga ni zuwa Kano shi ne in gane wa idona ko Turanci kaɗai ya ishi mai aikin inji.

Na wuce Zariya da Kwanar Dangora, na gangara Challawa ta Panshekara. Warin jima ne ya fara tarbata. A wata majema, injin da ke kankare fata ƙirar Italiya ne. Dattijon makaniken da ke kula da shi ya ce da kunne yake gane ciwonsa, amma in aiki ya kai ga buɗe littafin injin, sai an nemo mai fassara.

A Sharaɗa na shiga wani kamfanin roba. Allon injin duk rubutun Sinanci ne. Saurayin da ke kansa ya manna 'yan takardu a jikin maɓallai da rubutun biro: "kunna", "kashe", "zafi". Ina tsaye jar fitila ta kama. Ya zaro waya ya ɗauki hoton allon, manhaja ta fassara masa rabi da rabi, robar kuwa tana daskarewa a cikin injin.

Da la'asar na zaga Bompai, wadda gyaɗa da jirgin ƙasa suka raya, sannan na bi ta gaban Barikin Bukavu. Bukavu sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964 cikin masu jin Faransanci.

A nan hankalina ya koma kan kuratan Afaka. Tankokin VT-4 daga Sin muka sayo su, jirage masu saukar ungulu Mi-35 daga Rasha, T-129 daga Turkiyya. Masana'antar makamai ta DICON ma da kamfanin Fritz Werner na Jamus aka fara ta. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi kuwa tana N'Djamena, inda Faransanci da Larabci ke aiki. In inji ya tsaya a Sharaɗa, kuɗi ake asara. In tanka ta tsaya a bakin daga, inda babu sabis balle mai fassara, rayuka ne.

Saboda haka, tun ran gini tun ran zane. Kowane ɗalibin injiniya a NDA ya riƙi harshen waje ɗaya tun ajin farko har ya fita, a koyar da shi a ɗakin gyara, littafin injin ya zama littafin karatunsa. A kuma riƙa turo su sanin makamar aiki a waɗannan masana'antu, domin injunan da za su gwada harshen a kansu suna nan suna aiki a Kano.