Yadda mitar gyaran waya ta tayar da esin motar Kawu

Jama'a, ni mai gyaran waya ne a Tambuwal, ban taɓa zaman gareji ba. Cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, Kawuna ya shirya zuwa Kebbe ya ɗauko kakarmu zuwa asibiti a Sakkwato. Tsohuwa ce mai hawan jini, tafiyar kuma ba kusa ba. Ga esin Corollarsa iska mai ɗumi kawai yake hurawa. Sau biyu ana yi masa ɗurin gas, ya yi sanyi kwana biyu ya sake ɗaukewa.

Na ce, "Kawu, ku bari in duba." Ya yi dariya: "Kai yaro, mi kas sani ga mota?"

Abin da na sani ɗaya ne. Idan aka kawo mini wayar da ba ta caji, ba na fara sauya batir, sai na bi wuta na ga inda ta tsaya. Na sa ya tayar da mota ya kunna esi, na kasa kunne a gaban inji. In lafiya lau ne, za ka ji "ƙas" lokacin da kulocin kwamfaresa ya kama, tsakiyarsa ya fara juyawa. Shiru.

Muka kashe mota, na buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Na ɗora mita kan fiyus, ya yi ƙara, lafiyarsa ƙalau. Saura rile, wato ɗan baƙin makunnin da ke tura wa kuloci wuta. Na hon iri ɗaya ne da shi, har lamba, sai na musanya su. Ana kunnawa muka ji "ƙas", sanyi ya fara fita, hon kuma ya mutu. Ashe bakin rilen ne ya ci wuta, yau ya kama gobe ya saki.

Wani direba da ke tsaye ya ce a haɗa da guntuwar waya kai tsaye a huta. Wallahi kar ku yarda. Idan gas ya zube, akwai na'urar da ke hana kwamfaresa tashi, don man da ke shafa shi tare da gas ɗin yake zagayawa. Ka tsallake ta, ka ƙone abin da ya fi komai tsada a esin.

Bututun gas kuwa ko taɓawa ban yi ba. R134a ne a ciki, a matse yake, in ya fesa maka a hannu ko ido daskarar da wurin yake yi. Wannan na masu geji ne.

Muka sayo sabon rile, hon ya dawo. Da suka biyo ta Tambuwal da hantsi na leƙa in gaishe ta, na tarar Kaka ta lulluɓa da zane tana yi wa Kawu faɗa ya rage wannan sanyin.