Ɗigo Uku a Bokitin Zoɓo

Duk wanda ya girma a Marjandafak ya san cewa zafin watan Afrilu a Njamena ba ya barin mutum ya yi zaɓe a kan abin sha. Rana tana wuce digiri 40, maƙogwaro ya bushe, abin da ya zo da sanyi shi ne sarki. Shi ya sa kusan kowane layi a unguwarmu akwai gidan da ake haɗa zoɓo, wanda maƙwabtanmu masu Larabcin Chadi ke kira karkanji, ko ruwan tsamiya, ko jinja, ko kunun aya. Da wannan sana'a mata da yawa ke biyan kuɗin makarantar yara da cefane. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne wata ƙaramar kwalba da ake kira filebo, mai ƙamshin abarba ko ayaba ko banila, wadda ake ɗigawa bayan an gama komai.

A gidanmu mutum biyu ne ke wannan aiki, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan kwalbar ba. Gwaggona tana dafa zoɓonta da citta da kanumfari da ɗan masoro da ɓawon abarba, duk a tukunya ɗaya, ta bar shi ya kwana kafin ta tace. A wurinta ƙamshi tun ran gini tun ran zane ne. Ƙanwata kuwa tana jiƙa zoɓon, ta tace, ta sa sukari, sannan ta buɗe kwalbar da aka tsallako da ita daga Kuseri ta gadar Ngeli. Nata ya fi saurin ƙarewa a hannun yara.

Wata rana na ji gwaggo tana ce mata, "Ke 'yar nan, turare kike sayar wa mutane ko abin sha?" Ita kuma ta amsa a ladabce, "Gwaggo, ai hanci ne ke fara saye kafin baki."

Na daɗe ina juya maganar, kuma na gano kowace tana da gaskiyarta. Citta da kanumfari busassu ne, sai da zafi da lokaci suke sakin abin da ke cikinsu, don haka wurinsu tukunya. Filebo kuwa ƙamshi ne da aka riga aka tsamo aka narkar a ruwa. Idan aka zuba shi a tafasasshen zoɓo, sai ya bi tururi ya gudu, kicin ya ɗauki ƙamshi, kofi ya tashi a tutar babu. Dole sai abin ya huce. Ƙanwata ba ta yi kuskuren lokaci ba.

Sai dai abin da aka zuba a ƙarshe ba ya da hanyar fita. Sukari in ya yi yawa ana ƙara ruwa, tsami in ya yi yawa ana ƙara sukari, amma filebo in ya zarce, bokitin gaba ɗaya ya koma kamar maganin tari, da ɗaci a ƙarshen harshe. Garin neman gira a rasa ido. Dabarar da na ga masu hankali na yi ita ce su ɗebi kofi ɗaya, su ɗiga ɗigo guda, su juya, su ɗanɗana, su ba wani wanda bai shiga kicin ba shi ma ya ɗanɗana, domin hancin mai girki ya riga ya gaji. In ya yi, sai su ƙirga kofi nawa ke cikin bokitin, su sa ƙasa da abin da lissafi ya bayar. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne ba ya yiwuwa.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, idan kaka ta shigo, masu haɗa giya a gida suna yin wata ta kabewa. Ba abin shanmu ba ne, amma darasin ɗaya ne. Kabewa, kamar yadda duk mai miyar taushe ta sani, ba ta da wani ƙamshi mai ƙarfi. Abin da suke kira ɗanɗanon kabewa a zahiri kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. In sun gama suka ji ƙamshin ya yi rauni, su ma ƙaramin ma'auni suke ɗiba su gwada kafin su zuba a sauran.

Daga can ne kuma wani bayani ya fito da ya kamata 'yan uwana mata su sani. A dokar Amurka, ruwan banila na ainihi sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa kafin a kira shi da wannan suna, domin da barasa ake tsamo ƙamshin daga kwanson. Yawancin ƙananan kwalaben da ke kasuwanninmu ba irinsa ba ne. Tun 1874 wasu masana biyu a Jamus, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka gano yadda za a haɗa sinadarin ƙamshin banila ba tare da itacen ba, kuma yau mafi yawan banilar da duniya ke sha ta masana'anta ce. Ta gaskiyar, wadda Madagaska ta fi kowa nomawa, tsadarta ta fi ƙarfin mai zoɓon leda. Wasu kwalaben da barasa aka narkar da ƙamshinsu, wasu da wani sinadari daban. Mai sayarwa ga masu buɗa-baki a watan azumi ya kamata ta juya kwalbar ta karanta, ko ta ba yaro mai Faransanci ko Turanci ya karanta mata. Kwalbar da ba ta da rubutu ko ranar lalacewa, gara a bar ta a kanti.

Amma abin da ya fi damuna ba barasar cikin kwalba ba ce. Kunun aya da zoɓo mai sukari ba sa jure zafinmu. In wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta narke, cikin 'yan sa'o'i sai su fara tsami da kumfa, gora ta kumbura. A da hanci ne mai gadi: kana buɗe murfi ka san labari. Yanzu ana iya ɗiga abarbar kwalba a kan kunun jiya, a ƙara sukari, a sanyaya, yaro ya sha ya kwana da ciwon ciki uwarsa ba ta san dalili ba. Na taɓa sayen irinsa a bakin wata tasha, ƙamshi kamar na lambu, kurɓa ta biyu sai tsamin da ke ƙasa ya tona asiri. Wanda ya yi haka ya ci ribar bokiti ɗaya, ya zubar da amanar dukan masu sana'ar.

Matsayina dai shi ne filebo ado ne, kuma ado sai a jikin da ke da lafiya. A wanke zoɓo da kyau, a dafa shi da citta da kanumfarinsa, a tace, a bari ya huce, a ɗanɗana. In ya tsaya da ƙafarsa, ɗigo biyu ko uku ba za su cuce shi ba, za ma su jawo yaron da ya saba da lemon kwalba ya waiwayo abin shan gidansu. In kuwa ya yi salam ko ya fara juyawa, babu kwalbar da za ta gyara shi, a zubar a ɗora wata tukunya. Asarar kwano ɗaya na zoɓo ta fi sauƙi a kan asarar sunan gida, musamman a unguwa irin tamu inda kowa ya san ƙofar da kowace gora ta fito.