A bakin Telwa: kat-kat ba jirgin ruwa ba ce

Wanda ya bar Agadas ya nufi Dabaga, tafiyar kamar kilomita 45, korin Telwa ne abokin tafiyarsa. Daga duwatsun Abzin yake gangarowa, ya bi ta lambunan Dabaga da Azel, ya wuce ta arewacin birni. Da rani rairayi ne zalla, raƙuma da jakai suna takawa. Amma daga Yuli zuwa Satumba, idan aka yi ruwa bisa duwatsu, sai ya taso ja wur da laka da itace, ko da gari garau yake a inda matafiyi ya tsaya. A farkon Satumba na 2009 wannan kori ya fasa madatsa ya afka cikin Agadas, ya rusa dubban gidaje.

Ranar da Telwa ya kawo, motoci sukan yi layi a bakin mashigi. Ga masu kayan lambu da ke sauri kada ya lalace, ga fasinjoji, wani lokaci har da marar lafiya da za a kai likita. Ana hura wutar shayi, yaran mota suna shiga da sanda suna auna zurfi. A nan gardama take tashi tsakanin direbobi: a shiga ko a jira?

Tsofaffin direbobi sun saba da Land Cruiser mai injin gazuwal irin 1HZ, wanda ya fito a 1990. Famfonsa na mai da ƙarfe yake aiki, wayoyinsa kaɗan ne. Muddin ruwa bai shiga ta hanyar iska ba, yakan fita. Idan kuwa ya shiga, an gama, domin ruwa ba ya matsuwa cikin inji, sai dai ƙarfe ya lanƙwashe. Shi ya sa ake ɗaura wa mota dogon bututu har bisa rufi.

Sababbin motoci dabam suke. Suna da kwamfuta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke auna mai da iska. Suna da ƙananan na'urori a jikin inji da gindin tayu, ga wayoyi birjik har ƙarƙashin kujeru. Bututun nan iskar inji kaɗai yake karewa, bai san da waɗannan ba. Masu ƙera Land Cruiser 70 da Hilux na zamani sun ce zurfin da za su iya ratsawa santimita 70 ne, a hankali. Ruwan kori kuwa gudu yake, yana ƙwaƙule rairayi a ƙarƙashin taya, kuma santimita 60 na ruwa mai gudu sun isa su tafi da mota.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, sau da yawa motar takan haye lafiya, a yi ta murna. Sai bayan kwanaki laima ta ci mahaɗan wayoyi, su yi tsanwa, laka ta bushe cikin dinamo mai cika batir. Daga nan fitilu su dinga kamawa a gaban direba, mota ta mutu a dawa, can hanyar Timiya, inda babu garaji balle na'urar gano ciwo. Kuɗin gyara ya haɗiye ribar kayan lambun da aka yi wa sauri.

Saboda haka direban kirki yakan fara taka mashigi da ƙafa. Idan ruwan ya fi ƙarfin mutum, ya fi ƙarfin mota. Idan inji ya mutu a tsakiya, ba a sake tada shi: a fitar da mutane tukuna, a jawo mota, a cire kan batir. Bayan hayewa a buɗe mahaɗan wayoyi su bushe, a duba mai. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a sake shi.

Wannan ba maganar Abzin kaɗai ba ce. Haka take a Gulbin Maraɗi da Maggiya da kowace korama ta ƙasar nan. Ruwan kori yakan janye cikin ƴan awoyi, ko a kwana a tashi. Da asuba a bakin Telwa, sai a ga rairayi ya fito, motocin da suka jira suna hayewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kayansa da ransa.